Awon taurin hanta: gane ciwo tun bai kada mutum ba

Duk wanda ya zauna a ƙasar Dungas ko ta Magarya ya san wannan ciwo, ko da bai san sunan da likitoci suka ba shi ba. Magidanci ne mai shekara 35 ko 40, manomi mai ƙarfi, wanda bai taɓa kwanciya jinya ba. Sannu a hankali sai ya fara rama, abinci ya fita masa a rai, idanunsa su yi ruwan ɗorawa, ƙafafu su kumbura, ciki ya tashi kamar na mai juna biyu. Wasu su ce shawara ce, wasu su ce sammu aka yi masa. A sha sassaƙe, a sha jiƙo, a sayar da akuya, a sayar da bijimi. Ran da aka kai shi asibitin Magarya ko babban asibitin Damagaram, likita ya ɗora hannu ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama, ya ji hanta ta yi tauri kamar dutsen niƙa. In abu ya kai nan, abin da ya rage a hannun likita kaɗan ne.

Hantar wannan bawan Allah ba dare ɗaya ta taurara ba. Shekara 20 ko 30 ta yi tana taurara, yana noma, yana cin kasuwa, yana aure, yana haifuwa, bai ji komi ba. Sabo da haka tambayar da ta daɗe tana damun masana kiwon lafiya ita ce: ƙaƙa za a san taurin hantar mutum tun yana tafiya da ƙafafunsa, ba tare da an tsaga shi ba? Yau an samu na'urar da ke wannan awo cikin ƴan mintoci. Da Faransanci ana kiran aikin elastogarafi, mu kuwa za mu kira shi awon tauri. Ga bayaninsa, da abin da ya shafe mu a ciki.

Yadda hanta take taurara

Hanta tana zaune a saman ciki wajen dama, haƙarƙari ya rufe ta. Ta babban mutum takan kai nauyin kilo ɗaya da rabi. Ita ce ke tace jinin da ya fito daga hanji, ta fid da dafi, ta ajiye ƙarfin abinci don lokacin bukata, ta yi ruwan maɗaciya mai narkar da kitse, ta kuma yi sinadarin da ke sa jini ya daskare in mutum ya yanke. Tana da haƙuri ƙwarai: ko wani sashe nata ya lalace, sauran yakan ɗauki aikin, mutum bai sani ba. Wannan haƙuri nata shi ke ɓoye ciwo.

Kowane mahauci ya san bambancin hanta mai lafiya da maras lafiya. Ta lafiyayyen rago tana da laushi da sheƙi, wuƙa na ratsa ta ba wuya. Ta dabbar da tsutsa ta daɗe a cikinta takan yi tauri, da fararen jijiyoyi, har a ji wuƙa tana gurza. Haka abin yake ga ɗan Adam. Duk lokacin da cuta ta ji wa hanta rauni, wurin yakan warke da tabo, kuma kowa ya san tabon ƙuna ya fi lafiyayyar fata tauri. In raunin yana maimaituwa shekara da shekaru, tabo ya hau kan tabo, har hanta ta ƙandare, jini ya kasa ratsa ta. Daga nan ne ruwa ke taruwa a ciki, saifa ta kumbura, wani ma ya yi aman jini. Daga ƙandararriyar hanta ne kuma ciwon daji ya fi tsirowa.

Likitoci sun kasa wannan tabo mataki-mataki, daga 0 zuwa 4. Mataki na 0 hanta ce mai lafiya. Na 1 tabo kaɗan ne. Na 2 da na 3 tabo ya fara yawa, yana haɗuwa da juna. Na 4 shi ne ƙandarewa, wadda likitoci ke kira siroz. Amfanin sanin matakin yana da girma, domin tabon hanta yana iya raguwa in an tare abin da ke kawo shi. A shekarar 2013 wani likitan Faransa, Patrick Marcellin, da abokan aikinsa sun buga sakamakon binciken da suka yi kan masu ciwon hanta nau'in B waɗanda suka sha maganin tenofobir shekara 5. Cikin mutum 96 da hantarsu ta riga ta kai mataki na 4, an tarar 71 sun sauko daga wannan mataki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma wannan bincike ya nuna ko wanda ya fara bushewa bai kamata a fid da rai gare shi ba.

Abin da ke taurara hanta a ƙasarmu

A ƙasashen Turai, giya da yawan ƙiba ne kan gaba. A nan wajenmu, babban dalili shi ne ƙwayar cutar hanta nau'in B. Wani masani ɗan Amurka, Baruch Blumberg, shi ya gano alamarta cikin jini a shekarun 1960, aka ba shi kyautar Nobel a 1976, kuma ranar haihuwarsa, 28 ga Yuli, ita ce duniya ta tsayar ranar yaƙi da ciwon hanta. Rahoton Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, watau OMS, na shekarar 2024 ya ƙiyasta mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da wannan ƙwaya a 2022, kimanin miliyan 65 daga cikinsu a yankin Afirka. Ciwon hanta na ƙwayoyin B da C ya kashe mutum miliyan 1,3 a wannan shekara, watau kimanin 3.500 kowace rana. Rahoton ya ƙara da cewa 13 ne kawai cikin 100 na masu nau'in B aka auna aka san suna da shi.

Nijar tana cikin ƙasashen da wannan cuta ta yi yawa. Awon da aka yi wa masu ba da jini da mata masu ciki a Yamai ya nuna fiye da mutum 1 cikin 10 suna ɗauke da ita. Gundumar Dungas, wadda aka cire daga Magarya a 2011, ta ƙunshi Dungas da Dogo-Dogo da Guci da Malawa, kuma ƙidayar 2012 ta same ta da fiye da mutum 350.000. Mai karatu ya yi lissafi da kansa: ko da 1 cikin 20 aka ɗauka, maganar dubban mutane ake yi.

Yawancin masu ita tun suna ƙanana suka kamu: daga uwa wajen haihuwa, ko tsakanin yara ta miki da ƙuraje, ko ta aska ɗaya da aka yi wa mutane da yawa aiki da ita wajen aski, kaciya, tsaga, ƙaho da cire belu, ko ta allurar da aka maimaita. Ana kuma ɗaukarta ta saduwar namiji da mace. Jaririn da ya kamu, kusan sau 9 cikin 10 ƙwayar takan zauna masa har girma, alhali babban mutum in ya kamu jikinsa yakan kore ta mafi yawan lokaci. Ba a ɗaukarta ta cin tuwo a akushi ɗaya, ko gaisuwa, ko zama tabarma ɗaya, don haka ba dalilin guje wa mai ita.

Dalili na biyu yana cikin rumbunanmu. Ƙasar Magarya da Dungas ƙasar gyaɗa ce, wadda wasunmu ke kira gujiya. Dattawa suna tune da zamanin kamfanin SONARA, wanda aka kafa a 1962 don cinikin gyaɗa, da masana'antar mai ta SEPANI a Magarya, kafin farin 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 su karya wannan noma. Har yau gyaɗa tana cikin miyarmu, da ƙuli-ƙuli, da tunkuza. In ba ta bushe sosai ba aka zuba ta a buhu ko a rumbu mai laima, wata fumfuna takan hau ta, ta bar wani dafi da ake kira afalatoksin. An gano wannan dafi ne bayan 1960, shekarar da talo-talo kimanin 100.000 suka mutu a Ingila don sun ci tunkuzar gyaɗar da aka kawo daga Barazil. Yana kama masara ita ma. Dahuwa da suya ba su kashe shi. Shi kaɗai yana iya kawo ciwon dajin hanta, in kuwa ya haɗu da ƙwayar B a jikin mutum ɗaya, haɗarin yakan ninka sau da yawa.

Daga hannu zuwa allura zuwa hoto

Tun fil'azal hannu ne kayan aikin likita wajen gane tauri. Amma hannu ba ya jin hanta sai ta kumbura ta leƙo daga ƙarƙashin haƙarƙari, ko ta riga ta yi tauri ainun. Abin da hannun wannan likita ya kira tauri kuma, wancan yana iya kiransa dama-dama, domin hannu ba ya ba da lamba.

Sai aka koma ga allura. A 1958 wani likitan Italiya, Giorgio Menghini, ya kyautata hanyar soka wata doguwar allura tsakanin haƙarƙari a ciro ɗan tsinken hanta, a duba shi da madubin likita. Shekaru da yawa wannan ita ce hanyar da aka fi amincewa da ita. Sai dai tana da zafi, takan sa zubar jini a wasu lokuta, tana bukatar gadon asibiti da ƙwararren mai duba nama. Bugu da ƙari, abin da allura ke cirowa bai wuce kashi 1 cikin 50.000 na hanta ba. Kamar wanda ya ɗebi zangarniya ɗaya ne ya ce ya san albarkar gona duka.

Bayan haka aka samu hoton ciki na ekogarafi, wanda matanmu suka sani wajen awon juna biyu. Na'urar tana aika wani sauti da kunne ba ya ji, ya bugi kayan ciki ya dawo, ta mai da amsa-kuwar hoto. Ƙasarmu tana da suna a wannan fanni: a watan Oktoba na 1996 masana daga ƙasashe dabam-dabam suka taru a Yamai, suka tsara ƙa'idar duba ɓarnar da cutar tsargiya ke yi wa mafitsara da hanta da ekogarafi, kuma har yau da sunan Yamai ake kiran wannan ƙa'ida. Amma ekogarafi siffa take nunawa da girma. Hanta tana iya kaiwa mataki na 2 ko na 3, hotonta ya fito sumul kamar ba komi.

Yadda na'urar awon tauri take aiki

Wanda ya taɓa jan ruwa a rijiya zai fahimci sirrin wannan na'ura. Ku riƙe igiyar guga ku biyu, ku sassauta ta, ɗaya ya kaɗa bakinta: za ku ga motsin yana tafiya a hankali kamar maciji har ya isa ɗaya hannun. Ku ja ta ta miƙe tsam, ku sake kaɗawa: nan take motsin zai isa. Haka girgiza take a cikin nama. A nama mai laushi tana tafiya sannu, a mai tauri tana gudu. Saboda haka wanda ya iya auna saurin girgiza a cikin hanta, ya san taurinta.

Wani masani mai suna Jonathan Ophir, na jami'ar Tekzas a birnin Hustan na Amurka, shi ya raɗa wa wannan fanni suna a 1991. A 1995 masu bincike na asibitin Mayo, su ma a Amurka, suka nuna ana iya yin awon da babbar na'urar hoto mai maganaɗisu. Amma wadda ta fi yaɗuwa don hanta a Faransa aka ƙera ta. Laurent Sandrin, wanda ya yi bincikensa a ɗakin nazarin sauti na Mathias Fink a birnin Paris, ya kafa kamfanin Echosens a 2001, kuma a 2003 aka fito da na'urar da ake kira FibroScan.

Tana da wani kai mai kamar tocila wanda ake ɗorawa a fata tsakanin haƙarƙari biyu. In ma'aikaci ya danna, kan yakan yi ɗan bugu, kamar an ɗalli mutum da yatsa. Wannan bugu yana aika girgiza mai kaɗawa sau 50 a daƙiƙa ta shiga cikin hanta. A lokaci guda kan yana aika sautin ekogarafi ya bi sawun girgizar, ya auna saurinta. A lafiyayyar hanta takan yi tafiyar metir ɗaya da ɗan wani abu a daƙiƙa. A ƙandararriya takan kai metir 2, har zuwa 5. Na'urar tana auna wuri mai tsawon santimetir 4 da faɗin santimetir 1, wanda ya fi abin da allura ke cirowa kimanin sau 100. Daga nan sai ta mai da saurin lamba, da ma'aunin da ake kira kilofaskal, kamar yadda ake auna hatsi da tiya, zane da kamu.

Wannan dabara ba ta tsaya ga hanta kaɗai ba. Sababbin na'urorin ekogarafi da yawa suna iya zana taswirar tauri da launi, likita ya duba ƙullutun nono ko na maƙoshi ko na marainan maza ya ga wurin da ya fi tauri, domin ƙullutun daji yakan fi na banza tauri. A waɗannan wurare awon taimako ne kawai ga likita, ciro nama a duba shi ne ke yanke hukunci. A hanta kuwa awon ya rage bukatar allura ƙwarai.

Ranar awo da ma'anar lamba

Wanda za a auna zai bar cin abinci awa 3 kafin lokacin. Zai kwanta rigingine, ya ɗaga hannun dama ya sa bayan kai don haƙarƙari su buɗe. Ma'aikaci zai shafa ɗan mai a fata, ya ɗora kan na'ura, ya danna har a samu awo 10 masu kyau, na'urar ta fid da na tsakiyarsu. Ba allura, ba jini, ba zafi, ba haske mai cutarwa irin na hoton ƙashi. Cikin minti 5 zuwa 10 an gama, mutum ya tashi da sakamakonsa ya koma harkarsa.

Lambar tana iya kaiwa 75. Hanta mai lafiya takan ba da wajen 5. A watan Maris na 2024 OMS ta fid da sabuwar ƙa'ida kan ciwon hanta nau'in B, ta ce babban mutum mai ɗauke da ƙwayar wanda awonsa ya wuce 7, tabo ya fara yawa, a sa shi kan magani. Wanda ya wuce 12 da rabi, ana ɗaukar hantarsa ta ƙandare: ban da magani, a riƙa duba shi da ekogarafi kowane wata 6, don in ciwon daji ya tsiro a gan shi yana ƙarami. Wanda awonsa bai kai 7 ba, likita zai duba sauran awon jini kafin ya yanke ko a ba shi magani ko a riƙa bibiyarsa kowace shekara.

Maganin ƙwaya ɗaya ce a rana, tenofobir ko entekabir. Yana danne ƙwayar cutar ta daina ɓarna, amma da wuya ya fid da ita ɗungum, shi ya sa mafi yawan masu sha za su daɗe suna sha, wasu har iyakar rayuwa. Wanda ya fara kada ya bari da kansa don ya ji sauƙi, domin yankewa ba da sanin likita ba tana iya tayar da ciwon da ƙarfi. Nau'in C kuwa yana warkewa sarai da maganin wata 3 ga fiye da mutum 95 cikin 100.

Iyakar na'ura

Kowane ma'auni yana da inda yake kuskure, kuma wajibi ne mai karatu ya san na wannan. Na farko, tauri take aunawa, ba ta faɗin abin da ya kawo shi. Awon jini ne ke nuna ko ƙwayar B ce ko C. Na biyu, akwai abubuwan da ke taurara hanta na ɗan lokaci ba tare da tabo ba: sabuwar shawara mai zafi, toshewar hanyar maɗaciya, ciwon zuciya mai tara jini a hanta, da abincin da aka ci yanzu-yanzu. Mai irin wannan hali lambarsa takan hau, in an sake awo bayan ya lafa ta sauko. Na uku, in ruwa ya riga ya cika ciki, girgizar FibroScan ba ta ratsa shi, awo ba ya yiwuwa. Watau na'urar ta mai tafiya da ƙafafunsa ce, wanda bai ji komi ba tukuna. Mai ƙiba sosai kuma sai an sa masa wani kai na dabam. Na huɗu, tana da tsada, da ita da gyaranta, shi ya sa ta zama kayan manyan asibitoci, ko da yake akwai ƙarama mai batir wadda ake ɗauka a akwati a sa a mota.

Abin da aka koya a Gambiya

Kada wani ya ce wannan aiki na ƙasashen masu kuɗi ne. Daga Disamba 2011 zuwa Janairu 2014, wani shiri mai suna PROLIFICA ya bi ƙauyuka da unguwanni a yammacin Gambiya, ana ɗiga jinin yatsa a kan ɗan tsinken awo. An auna mutum 5.980, aka samu 495 da ƙwayar B. Aka gayyace su asibiti, fiye da 8 cikin 10 suka amsa kira, aka yi musu awon jini da ekogarafi da FibroScan. Bisa ƙa'idar wancan lokaci, ƙasa da 5 cikin 100 ne suka bukaci magani nan take. Ƙa'idar 2024 ta faɗaɗa, yanzu waɗanda za a ba magani sun fi haka yawa. Duk da haka darasin yana nan: mutanen karkara suna yarda da awo in an je musu da bayani, kuma samun ƙwayar a jini ba hukuncin mutuwa ba ne. Awon tauri shi ke rarrabe wanda ke bukatar magani yau da wanda za a sa wa ido. A wannan shiri ne kuma aka tabbatar a ƙasar Afirka cewa cin abinci kafin awo yana hau da lamba.

Abin da za a yi a Dungas tun yanzu

Ba sai an jira na'ura ba. Matakin farko shi ne awon jini. Nijar ta sa rigakafin ciwon hanta nau'in B cikin allurar yara mai kariya daga cuta biyar a shekarar 2008, ana yi wa jariri a sati na 6 da na 10 da na 14. Ke nan wanda aka haifa kafin 2008 bai samu wannan kariya yana jariri ba. Irin wannan mutum, namiji ko mace, ya kamata ya nemi awon ƙwayar B ko sau ɗaya a rayuwarsa, musamman mace mai ciki, da wanda aka san ciwon hanta ya kashe mahaifiyarsa ko ɗan'uwansa. In an same shi da ita, a auna matarsa ko mijinta da ƴaƴa, wanda ba shi da ita a yi masa rigakafi.

Mataki na biyu, wanda aka samu da ƙwayar ya tambayi likita matakin da hantarsa take. Inda ba FibroScan, OMS ta yarda da wani lissafi mai sauƙi da ake kira APRI, wanda ake fiddawa daga awon jini biyu da ɗakin awo na asibitin gunduma ke iya yi: wani sinadarin hanta, da yawan ƙwayoyin da ke daskarar da jini. In lissafin ya wuce rabi, daidai yake da a ce tabo ya fara yawa. In ya wuce 1, ana zaton ƙandarewa. Bai kai na'ura daidaito ba, amma ya isa a fara magani da shi.

Mataki na uku, a tsare jarirai. OMS ta yi umarni a yi wa kowane jariri allurar farko ta nau'in B cikin awa 24 da haihuwarsa, amma rahoton 2024 ya nuna 18 cikin 100 ne kawai ke samunta a yankin Afirka. Haihuwa a gidan likita ita ke ba da damar tambayar wannan allura a kan lokaci. Uwar da ƙwayar ta yi yawa a jininta kuma ana ba ta tenofobir tun kafin ta haihu don kada ta ba ɗanta.

Mataki na huɗu yana hannun wanzamai da ungozomomi da manoma. Wanzami ya yi wa kowane mutum aiki da sabuwar reza, aska da ƙaho a wanke a dafa su cikin tafasasshen ruwa kafin a taɓa wani. Manomi ya cire gyaɗa a kan kari, ya shanya ta a kan tabarma ko leda har ƙwaya ta yi ƙara in an kaɗa kwanso, ya ɗora buhu a kan itace kada ya taɓa ƙasa. Uwargida ta tsince baƙaƙe da ruɓaɓɓu da masu ɗaci ta zubar, kada a ce za a yi ƙuli-ƙuli da su don gudun hasara. Mai ɗauke da ƙwayar ya nisanci giya, da ƙwayoyin da ake tallarsu a faranti ranar kasuwa, da jiƙon da bai san abin da ke cikinsa ba, domin duk hanta ce za ta tace su.

Saura magana ga ma'aikatan hukuma, da magadan gari, da sarakuna, da shugabannin kiwon lafiya na jihar Damagaram. Magidancin da ciwon hanta ya ɗauke yana da shekara 40 ya bar gona ba mai nomawa, da mata da ƴaƴa ba mai ci da su, bayan an ƙarar da dabbobin gida wajen jinya. In an zo tsara kasafin kuɗin lafiya, a tuna da tsinken awon ƙwayar B a kowace cibiyar lafiya, da horar da ma'aikatan jinya lissafin APRI, da tabbatar da tenofobir ba ya yankewa a kantin magani. Na'ura ɗaya mai batir, da ma'aikaci ɗaya da ya ƙware, in aka tsara musu ranaku tsakanin Magarya da Dungas, suna iya auna mutum da dama kowace rana, su hutar da talaka doguwar tafiya. Amma na'urar za ta yi amfani ne ga wanda aka riga aka gano da awon jini, aka kuma tanadar masa maganin da zai sha. A fara da waɗannan biyu, in na'ura ta iso ta tarar da aiki a shirye.